Yadda Ake Lissafin Pancanga, Kalandar Taurari ta Mabiya Addinin Hindu

A gidajen mabiya addinin Hindu da dama a ƙasar Indiya akwai wani ɗan littafi, ko kalandar bango, da ake kira pancanga, wanda ake sabuntawa kowace shekara, kuma a cikinsa ake duba ranar azumi da ranar biki da lokacin da za a ɗaura aure ko a tare a sabon gida. Kalmar ta harshen Sanskirit ce, ma'anarta gaɓoɓi biyar, domin kowace rana ana siffanta ta da abubuwa biyar, wato wara da tithi da nakshatra da yoga da karana. Wanda ya buɗe shafin pancanga karon farko zai tarar da sunaye da lambobi a cunkushe, har ya ɗauka cewa sai wanda ya gaji abin daga iyaye da kakanni ne zai gane kansa. Amma huɗu daga cikin gaɓoɓin nan biyar daga lambobi biyu kacal suke fitowa, matsayin rana da matsayin wata a daidai lokacin da rana ta fito a garin da ake yi wa lissafi. Duk wanda ya iya tarawa da ɗebewa da rabawa zai iya fitar da su da biro da takarda.

Indiyawa suna kiran ilimin taurari baki ɗayansa jyotisha, kuma tun da daɗewa suka raba tsakanin reshen lissafi, wanda littattafan da ake kira siddhanta suka ƙunsa, da reshen da yake yanke hukunci a kan rayuwar mutum daga taurarin haihuwarsa. Malaman Musulunci ma sun yi irin wannan rarrabewa, inda suka bambanta sanin tafiyar taurari, wanda da shi ake gane alƙibla da lokutan salla da shigar damina, daga da'awar cewa taurari suna da tasiri a kan ƙaddara. Wannan jagora a kan lissafin ya tsaya, domin shi ne ɓangaren da mutum zai iya fita waje da dare ya gwada da idonsa. Lissafin kuwa ba baƙo ba ne ga tarihin ilimin Musulmi, tunda a zamanin Halifa Mansur, a ƙarni na 8, aka fassara wani littafin falaki na Indiya zuwa Larabci a Bagadaza da sunan Sindhind, sannan Albiruni, a littafin da ya kammala a kan Indiya wajen shekarar 1030, ya yi bayanin tithi da nakshatra da karana dalla-dalla.

Abin da za ka tanada

Kana bukatar jadawalin taurari na shekarar da kake so, wanda yake nuna matsayin rana da wata a kowace rana, da lokacin fitowar rana a garinka, da kuma wata lamba da ake kira ayanamsha wadda bayaninta yana tafe. Ana auna matsayi ne a kan hanyar da rana take bi a sararin sama a cikin shekara, wadda aka raba digiri 360, kowane buruji yana da digiri 30. Kowane digiri kuma ana raba shi daƙiƙa 60. A nan daƙiƙa tana nufin kashi ɗaya cikin 60 na digiri, kamar yadda malaman falaki suke amfani da kalmar, lokacin agogo kuwa zan riƙa kiransa da awa da minti don kada a haɗa su.

Domin kada bayani ya tsaya a iska, za mu yi aiki da rana ɗaya tun daga farko har ƙarshe, wato Asabar, 1 ga Janairu, 2000, a birnin Ujjain da ke jihar Madhya Pradesh. Na zaɓi Ujjain ne saboda ta kansa masana falakin Indiya na dā suka ja layin da suke auna lokaci daga gare shi, kuma a can masanin falaki Warahamihira ya yi aikinsa a ƙarni na 6.

Fara da fitowar rana

A wannan tsari yini yana farawa ne daga fitowar rana, ya ƙare da fitowarta ta gobe, saɓanin kalandar boko da take sauya rana da tsakar dare, da kalandar Musulunci da take sauyawa da faɗuwar rana. Wanda aka haifa da ƙarfe huɗu na asubar Lahadi, a lissafin pancanga ran Asabar aka haife shi. Saboda haka matakin farko shi ne ka san lokacin da rana ta fito, ka mayar da shi agogon da jadawalinka yake amfani da shi. A ranar da muka zaɓa, rana ta fito a Ujjain wajen ƙarfe 7:08 agogon Indiya, kuma tunda agogon Indiya yana gaban na GMT da awa biyar da rabi, wannan ya yi daidai da ƙarfe 1:38 na dare agogon GMT. Ka lura cewa masu buga pancanga ba su haɗu a kan ma'anar fitowar rana ba, wasu suna ɗaukar lokacin da bakin ƙwallon rana ya leƙo, wasu kuma sai tsakiyarsa ta kai gaɓar sama, kuma 'yan mintocin da ke tsakani sukan isa su sauya sunan yini.

Jadawali ya nuna cewa da tsakar daren GMT rana tana digiri 279 da daƙiƙa 52, wata kuma yana digiri 217 da daƙiƙa 18. A wannan rana, rana tana tafiyar daƙiƙa 61 a yini, wata yana tafiyar kimanin daƙiƙa 724. Daga tsakar dare zuwa 1:38 minti 98 ne cikin minti 1,440 na yini guda, don haka sai ka ɗauki wannan kaso daga tafiyar kowannensu ka ƙara. Rana ta samu ƙarin daƙiƙa 4, ta koma digiri 279 da daƙiƙa 56. Wata ya samu ƙarin daƙiƙa 49, ya koma digiri 218 da daƙiƙa 7. Ka rubuta waɗannan lambobi biyu a saman takardarka, domin duk abin da ya rage a kansu zai hau.

Ayanamsha, inda aka fi yin kuskure

Jadawalin masana falaki na zamani yana fara ƙidayar digiri ne daga wurin da rana take a ranar da dare da yini suke daidaita a watan Maris. Indiyawa kuwa daga taurarin da suke kafe suke fara tasu ƙidayar. Da waɗannan mafarai biyu suna zaune wuri ɗaya da babu matsala, amma sandar da duniya take juyawa a kanta tana yin lilo a hankali kamar katantanwar da yaro ya murza ta fara gajiya, kuma wannan lilo yana sa wurin daidaituwar dare da yini ya riƙa ja da baya a tsakanin taurari da kimanin digiri ɗaya a kowace shekara 72. Tazarar da ta taru tsakanin mafarai biyun ita ce ayanamsha. Matsayin da aka auna daga wurin daidaituwa ana kiransa sayana, wanda aka ɗebe masa ayanamsha kuma ana kiransa nirayana, kuma da nirayana yawancin pancanga suke aiki.

Sakamakon wannan tazara a fili yake ga kowa. Bikin Makara Sankranti, ranar da rana take shiga burujin Jadyu a lissafin Indiya, yana faɗowa a 14 ko 15 ga Janairu, alhali rana takan kai iyakar karkatarta kudu tun 21 ko 22 ga Disamba. Akwai zamanin da ranakun biyu suke haɗe, kwanaki ashirin da 'yan kai da suka shiga tsakani kuwa ayanamsha ce ta tara su.

Wahalar ita ce babu wata alama a sama da ta ce daga nan burujin farko ya fara, saboda haka masana suka yi saɓani a kan adadin. A shekarar 1952 gwamnatin Indiya ta kafa kwamitin gyaran kalanda ƙarƙashin masanin kimiyya Meghnad Saha, da N. C. Lahiri a matsayin sakatare, kuma kwamitin ya tarar da kalandu kusan 30 suna aiki a ƙasar. Ayanamshar da aka tsayar tana ɗauke da sunan Lahiri, kuma an gina ta ne a kan ajiye tauraron Citra, wanda Larabawa suke kira Simak, a daidai digiri 180. Da ita cibiyar falaki ta gwamnati da ke Kolkata take buga Rashtriya Panchang, wato pancangar ƙasa. Shawarata ga mai koyo ita ce ya riƙe ta Lahiri, ba don an tabbatar da cewa ita kaɗai ce daidai ba, sai don ita ce za ta ba shi damar gwada amsarsa da mafi yawan abin da ake bugawa. Ta B. V. Raman, alal misali, ta gaza ta Lahiri da kusan digiri ɗaya da rabi, abin da yake iya matsar da ƙarshen nakshatra da kusan awa uku.

A farkon shekarar 2000 ayanamshar Lahiri digiri 23 ce da daƙiƙa 51. Ga kowace shekara bayan nan sai ka ƙara kimanin kashi biyar cikin shida na daƙiƙa, wanda ya kai ta digiri 24 da daƙiƙa 12 a 2025. Idan muka ɗebe ta daga lambobinmu, rana ta koma digiri 256 da daƙiƙa 5, wato cikin burujin Ƙausu da suke kira Dhanu, wata kuma ya koma digiri 194 da daƙiƙa 16, cikin burujin Mizani da suke kira Tula.

Tithi

Tithi ita ce zuciyar pancanga, domin da ita ake tsayar da yawancin bukukuwa da azumi. Ba yini ba ce irin wanda muka sani, lokaci ne da wata yake ɗauka kafin ya ƙara wa rana tazarar digiri 12. Tunda zagaye digiri 360 ne, kowane wata yana da tithi 30 cif, 15 na farko a rabin haske da ake kira shukla paksha, wanda yake ƙarewa da cikar wata, wato Purnima, 15 na biyu a rabin duhu da ake kira krishna paksha, wanda yake ƙarewa da ɓatan wata, wato Amawasya.

Ka ɗebe matsayin rana daga matsayin wata, idan na wata ya fi ƙanƙanta sai ka fara ƙara masa digiri 360. A nan ayanamsha ba ta da tasiri, domin abin da aka cire wa ɗaya shi aka cire wa ɗayan, tazarar ba ta sauya ba. A misalinmu an samu digiri 298 da daƙiƙa 11. Ka raba da 12, za ka samu 24 da saura, ma'ana tithi 24 sun cika, ana cikin ta 25. Idan lambar ta wuce 15 sai ka ɗebe 15 don sanin matsayinta a rabin duhu, don haka muna tithi ta 10 ta krishna paksha, wadda ake kira Dashami. Mai karatu da ya tuna cewa wannan rana ta faɗo a goman ƙarshe na Ramadan na shekarar 1420 zai ga kusancin lambobin, zai kuma ga dalilin da ƙidayar Indiya takan riga ta Musulunci da kwana ɗaya ko biyu, domin su daga haɗuwar wata da rana suke farawa, mu kuma sai an ga jinjirin wata.

Sanin sunan tithi rabin aiki ne, pancanga kuma dole ta faɗi lokacin da za ta ƙare. Tithi ta 25 tana cika a digiri 300, saura ke nan digiri 1 da daƙiƙa 49, wato daƙiƙa 109. Wata yana tsere wa rana da daƙiƙa 663 a yini, wato 724 a ɗebe 61. Ka raba 109 da 663, ka ninka da awa 24, za ka samu awa 3 da minti 57. Idan aka ɗora wannan a kan 7:08, Dashami ta ƙare wajen ƙarfe 11:05 na safe agogon Indiya, tithi ta 11, wato Ekadashi, ta shiga. Tsofaffin pancanga da gati suke rubuta wannan lokaci, yini yana da gati 60, kowace gati minti 24, don haka za su ce Dashami ta kai kusan gati 10 bayan fitowar rana.

Tunda saurin wata yana ƙaruwa idan ya kusanto duniya, yana raguwa idan ya yi nisa, tsawon tithi yana kaiwa da komowa tsakanin kimanin awa 20 da sama da awa 26. Ƙa'ida kuma ita ce yini yana ɗaukar sunan tithin da rana ta fito ta tarar. Daga nan abubuwa biyu suke faruwa. Gajeriyar tithi tana iya farawa bayan fitowar rana ta ƙare kafin fitowar gobe, sai a tsallake lambarta a kalanda, ana kiranta kshaya. Doguwa kuma tana iya haɗa fitowar rana biyu, sai lambarta ta maimaitu kwana biyu a jere, ana kiranta wriddhi.

Misalinmu ya nuna wannan a hanya mai ban sha'awa idan muka ɗauke shi daga Ujjain muka kai shi Kano. Lokacin ƙarewar tithi ɗaya ne a duk duniya, 11:05 na Indiya shi ne 6:35 na safe agogon Najeriya. Rana kuwa ba ta fito a Kano ran nan ba sai wajen 6:46. Ke nan Asabar ɗin da take Dashami a Ujjain, a Kano Ekadashi ce, da ratar minti 11 kacal. Bugu da ƙari, a lokacin wata yana dab da kai wa iyakar nisansa daga duniya, tafiyarsa ta yi sanyi, wannan Ekadashi ta ɗauki sama da awa 26, ba ta ƙare ba sai wajen tara saura na safiyar Lahadi agogon Najeriya, don haka ta sake tarar da fitowar rana a Kano, ta maimaitu. A Ujjain kuwa ranar Lahadi kaɗai ta samu. Ekadashi ranar azumi ce ga mabiya da yawa, musamman masu bautar Wishnu, shi ya sa Ba'indiyen da yake zaune a wata ƙasa ba ya wadatuwa da pancangar garinsu, sai ya nemi wadda aka lissafa da fitowar ranar inda yake.

Karana rabin tithi ce, digiri 6, saboda haka akwai 60 a wata, amma sunayensu 11 ne. Huɗu suna zuwa sau ɗaya a wata: Kimstughna ita ce ta farko, Shakuni da Catushpada da Naga su ne ta 58 da 59 da 60. Sauran bakwai, Bawa da Balawa da Kaulawa da Taitila da Gara da Wanija da Wishti, suna zagayowa sau takwas daga ta 2 zuwa ta 57. Ka raba tazarar nan ta digiri 298 da daƙiƙa 11 da 6, za ka ga ana cikin karana ta 50. Ka ɗebe ɗaya, ka raba 49 da 7, abin da ya yi saura shi ne matsayinta a jerin bakwai, idan babu saura kuma ta bakwai ce. Amsarmu Wishti ce.

Nakshatra

Wanda ya zauna da malaman da suke lissafin taurarin damina ya san manzilolin wata 28, irin su Surayya da Dabaran da Haƙ'a da Zira'a. Nakshatra 'yan uwansu ne, sai dai Indiyawa 27 suke ƙidayawa a lissafi, kowace da faɗin digiri 13 da daƙiƙa 20, wato daƙiƙa 800 daidai. Wata yana zagaya taurari a kwana 27 da kusan sulusi, shi ya sa al'umma ɗaya ta ɗauki 27 wata ta ɗauki 28, kuma su ma Indiyawan suna da ta 28 mai suna Abhijit da suke sakawa a wasu lissafai. Jerin yana farawa da Ashwini da Bharani, ta uku Krittika, wadda ita ce Surayya, taurarin da Bahaushe yake kira kaza da 'ya'yanta, ta huɗu Rohini, wadda ita ce Dabaran. Daga nan sai Mrigashira, Ardra, Punarwasu, Pushya, Ashlesha, Magha, Purwa Phalguni, Uttara Phalguni, Hasta, Citra, Swati, Wishakha, Anuradha, Jyeshtha, Mula, Purwa Ashadha, Uttara Ashadha, Shrawana, Dhanishtha, Shatabhisha, Purwa Bhadrapada, Uttara Bhadrapada, ta ƙarshe Rewati.

A nan dole ka yi amfani da matsayin wata na nirayana. Ka mayar da shi daƙiƙoƙi: digiri 194 sau 60, a tara da 16, ya ba da 11,656. Ka raba da 800, za ka samu 14, saura 456. Nakshatra 14 sun wuce, wata yana cikin ta 15, wato Swati. Kowace nakshatra ana raba ta gida huɗu da ake kira pada, kowane daƙiƙa 200, kuma 456 ta faɗa gida na uku. Saura daƙiƙa 344 ta cika, a wannan karon kuma da saurin wata shi kaɗai za ka raba, wato 724, domin ba tsere yake yi da rana ba, taurarin da suke kafe yake ratsawa. An samu awa 11 da minti 24, ke nan Swati ta ƙare wajen ƙarfe 6:32 na yamma agogon Indiya. Da ka manta ba ka ɗebe ayanamsha ba, da lissafi ya kai ka Anuradha, nakshatra biyu gaba da inda wata yake.

Daga wannan lamba ce masu duba suke ɗora nasu gini. A tsarin da ake kira Wimshottari, an raba shekara 120 tsakanin rana da wata da taurari biyar masu tafiya da kuma Rahu da Ketu, waɗanda ba jikkuna ba ne, wurare biyu ne da hanyar wata take gittar hanyar rana, inda husufi yake aukuwa. Swati tana ƙarƙashin Rahu mai shekara 18, don haka ga jaririn da aka haifa a wannan lokaci sukan ɗauki kaso 344 cikin 800 na shekara 18, su ce ya shigo da ragowar shekara 7 da kusan wata 9 na zamanin Rahu. Na kawo wannan ne don a ga daidai inda lissafi ya tsaya, fassara ta karɓa. Matsayin wata abu ne da na'urar hangen nesa za ta tabbatar, rabon shekarun nan kuwa al'ada ce ta masu wannan fanni.

Yoga da wara

Yoga ba ta da alaƙa da motsa jikin da aka sani da wannan suna, ma'anar kalmar a nan ita ce tarawa. Ka tara matsayin rana da na wata, dukansu na nirayana, idan jimlar ta wuce 360 ka ɗebe 360, sannan ka raba da daƙiƙa 800. Mun samu digiri 90 da daƙiƙa 21, wato daƙiƙa 5,421, wanda ya ba da 6 da saura, ana cikin yoga ta 7. Jerin 27 ɗin yana farawa da Wishkambha, Priti, Ayushman, Saubhagya, Shobhana, Atiganda, Sukarma, don haka Sukarma ce, kuma da saurin daƙiƙa 785, wato 724 a tara da 61, ta ƙare wajen 12:36 na rana. Kuskuren ayanamsha a nan ninkuwa yake yi, tunda sau biyu take shiga lissafi.

Wara ranar mako ce kawai, Asabar kuma ita ce Shaniwara, ranar Zuhal. Amma hanyar da magabata suke bi su fitar da ita ta cancanci a sani, domin ita ce ginshiƙin tsohon lissafi baki ɗaya. Suna ƙidaya kwanakin da suka shuɗe tun farkon zamanin Kali, wato zamanin da ake ciki yanzu a ƙidayar Hindu, wanda ya yi daidai da 18 ga Fabrairu, 3102 kafin haihuwar Annabi Isa, ranar Juma'a, kuma wannan jimla sunanta ahargana. Zuwa 1 ga Janairu, 2000, kwana 1,863,079 ne. Ka raba da 7, saura 1, kwana ɗaya bayan Juma'a kuwa Asabar ne.

Sunan wata

Wata yana samun sunansa daga burujin da rana ta shiga a tsakanin ɓatan wata biyu. Wanda rana ta shiga burujin Hamal a cikinsa shi ne Caitra, na farko, sai Waishakha, a bi jeri. A misalinmu rana ta shiga Ƙausu a tsakiyar Disamban 1999, don haka watan Margashirsha ne a kudanci da yammacin Indiya, inda wata yake ƙarewa da Amawasya. A arewa kuwa, inda yake ƙarewa da Purnima, wannan rabin duhu an riga an ba shi sunan watan gaba, Pausha. Tithi ɗaya ce, sunan watan ne ya bambanta, kuma mai koyo ya kamata ya duba wane tsari pancangarsa take bi kafin ya zargi lissafinsa. Idan wata ya fara ya ƙare rana ba ta sauya buruji ba, ana kiransa adhika, wato ƙari, yana ɗaukar sunan watan da ke biye da shi. Hakan yana faruwa kusan duk bayan wata 32 da rabi, kamar yadda aka yi Shrawana biyu a 2023, kuma shi ne yake hana bukukuwan Hindu zagaya yanayin shekara kamar yadda azumin Ramadan yake zagayawa.

Idan kana son bin tsohuwar hanya

Duk abin da muka yi a sama mun ɗauko matsayin rana da wata ne daga jadawalin zamani, hanyar da ake kira drik, wato abin da ya dace da gani. Aryabhata, wanda ya rubuta littafinsa a shekarar 499, da Brahmagupta a 628, da Bhaskara na biyu a 1150, ba su da irin wannan jadawali, daga ahargana suke fitar da komai. Littafin Surya Siddhanta ya ce a cikin babban zamani mai shekara 4,320,000 akwai kwana 1,577,917,828, kuma wata yana zagaye 57,753,336. Sai a ninka ahargana da adadin zagaye, a raba da adadin kwanaki, a watsar da cikakkun zagaye, abin da ya rage a mayar da shi digiri. Idan ka gwada da rana, wadda take zagaye ɗaya a kowace shekara, a misalinmu, za ka samu zagaye 5,100 cikakku da ragowar kwana 259 da ɗoriya, wanda ya ajiye ta a kan digiri 255 da daƙiƙa 37 da tsakar daren Ujjain. Idan ka ƙara tafiyar awa bakwai zuwa fitowar rana, za ka ga ta matso dab da digiri 256 da muka samu. Ni dai ban taɓa yin wannan rabawa ba tare da jin girman mutanen da suka tsara lambobin da ido da haƙuri ba.

Abin da aka samu ta wannan hanya matsakaicin matsayi ne, sai an yi masa gyaran da ake kira manda, saboda rana da wata ba sa tafiya da sauri ɗaya kullum. Don wannan gyara suka tsara jadawalin jya, wato abin da lissafin zamani yake kira sine, mai lambobi 24, a kan da'irar da rabin faɗinta daƙiƙa 3,438 ne, kowane mataki digiri 3 da daƙiƙa 45, kuma wannan kalma ta jya ce ta shiga Larabci ta zama jaib. Raunin hanyar shi ne ƙananan kurakurai suna taruwa. Shekarar Surya Siddhanta ta fi ta gaskiya tsawo da kimanin minti uku da rabi, wanda yake zama kwana guda a cikin shekara 400 da 'yan kai, kuma gyaran wata na littafin bai ƙunshi dukan jan da rana take yi masa ba, shi ya sa ƙarshen tithi yakan saɓa da awoyi. Masanan Indiya da kansu sun lura da haka, har Parameshwara na Kerala ya fitar da gyararren tsarinsa na drik a 1431 bayan ya daɗe yana lura da husufi. Har yau a jihar Tamil Nadu ana buga pancanga iri biyu, ta wakya mai bin tsofaffin ƙa'idoji da ta drik, kuma wuraren ibada da dama ta wakya suke bi.

Saboda haka idan ka kammala lissafinka ka ga ya saɓa da wata pancanga da aka buga, kafin ka sake rabawa ka duba shafinta na farko, inda aka saba rubuta garin da aka yi wa lissafin, da ayanamshar da aka ɗauka, da kuma ko drik aka bi ko siddhanta. Idan waɗannan uku sun dace da naka, bambancin da zai rage bai kamata ya wuce 'yan mintoci ba, kuma yawancinsa daga ɗaukar saurin wata a matsayin abu ɗaya duk tsawon yini yake zuwa. Kana iya rage shi ta hanyar sake ɗauko matsayin rana da wata a daidai lokacin da amsarka ta farko ta nuna, ka maimaita rabawar sau ɗaya daga nan.